Willie Hoppe: Sarkin biliyad da littafin da ya raba kan almajiransa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teburin biliyad irin na Amurka, wanda matasanmu kan haɗa shi da ɗan uwansa na Ingila su kira su duka sinuka, zai lura da wasu 'yan ɗigo farare da aka jera a kan katakon da ya kewaye teburin. Mafi yawan masu wasa sun ɗauke su ado ne kawai. Alhali kuwa ma'auni ne. Sun raba dogon gefen tebur gida takwas, gajeren gefe gida huɗu, kuma saboda siffar da aka saba yanka su da ita ake kiran su daimon. Da su gwani yake lissafa inda zai jefa ƙwallonsa ta daki bango ta dawo ta sami wata ƙwallon da aka tare masa hanyarta. Sunan da ya fi kowane manne wa wannan lissafi shi ne na wani Ba'amurke mai suna Willie Hoppe, wanda ya ci kambun duniya sau 51 tsakanin 1906 da 1952. Abin mamakin shi ne, wasu daga cikin waɗanda suka yi zamani da shi sun tafi a kan cewa shi kansa bai taɓa aiki da lissafin ba.

An haifi William Frederick Hoppe a ranar 11 ga Oktoban 1887 a garin Cornwall, a gaɓar kogin Hudson da ke Jihar New York. Mahaifinsa, Frank, yana da ɗan ƙaramin masaukin baƙi, kuma a cikinsa akwai teburin wasa domin matafiya. A nan yaron ya fara riƙe sanda tun bai kai tsawon teburin ba, sai an ɗora shi a kan akwati. Da yake ko a kan akwatin hannunsa ba ya iya sauka a miƙe kamar na manya, sai ya saba da buɗe gwiwar hannu zuwa gefe yana tura sandar daga can. Wannan riƙo, wanda kowane malamin wasa zai hana ɗalibinsa, shi ya bi Hoppe har tsufa. Da shi ya ci duk abin da ya ci, amma da ya zo rubuta littafin koyarwa sai ya umarci masu karatu da su yi riƙon da kowa ya sani.

Mahaifin mutum ne mai tsauri, kuma ya gane da wuri cewa akwai abinci a hannun 'ya'yansa. Ya riƙa yawo da Willie da yayansa gari-gari, suna nuna bajinta a ɗakunan wasa, suna kuma karawa da manya a kan kuɗi. Ƙuruciyar yaron ke nan: jirgin ƙasa, ɗakin haya, hayaƙin taba, da sa'o'i masu yawa na atisaye a kowace rana. A wannan tafiya ne ya bar teburin ramuka ya koma wanda ba shi da rami ko ɗaya, ya kuma sami horo a hannun manyan wancan zamani, cikinsu har da Maurice Daly mai ɗakin wasa a birnin New York da kuma Jacob Schaefer babba.

A nan akwai buƙatar a ɗan tsaya, domin wasan da Hoppe ya shahara a kansa ba shi ne wanda aka saba gani a unguwanninmu ba. Teburinsa ya kai ƙafa goma a tsawo, ƙafa biyar a faɗi, babu rami, kuma ƙwallaye uku ne kacal a kai: farare biyu, kowane ɗan wasa da tasa, sai ja ɗaya. Ana cin maki idan ƙwallon mai bugu ta taɓa sauran biyun a bugu guda, kuma muddin yana ci zai ci gaba da bugawa. A lokacin da hauren giwa ake sassaƙa ƙwallayen, akasari wanda ake fitarwa daga gabashin Afirka, shi ya sa sanyi da zafi kan sauya musu hali, sai ɗan wasa ya san ƙwallonsa kamar yadda mahayi ke sanin dokinsa.

Gwanayen ƙarni na 19 sun gano dabarar tara ƙwallayen uku a jikin bango su riƙa tura su a hankali, taɓi kaɗan, maki ɗaya, taɓi kaɗan, maki ɗaya. A 1879 Schaefer babba ya ci maki 690 a jere ta wannan hanya, abokin karawarsa yana zaune yana kallo. 'Yan kallo suka fara gundura. Sai masu tsara doka suka ja layuka a kan ƙyallen teburin suka yanka shi gida-gida, suka ce ba a yarda mutum ya ci gaba da cin maki alhali ƙwallaye biyun suna gida ɗaya ba, dole ya kori ɗaya waje. A nau'in da ake kira 18.1, layukan suna da nisan inci 18 daga bango, kuma bugu ɗaya kawai aka yarje kafin a fitar da ƙwallo. A 18.2 bugu biyu ne. Na farkon shi ne mafi wuya, kuma kambunsa yana hannun wani Bafaranshe mai suna Maurice Vignaux, dattijo ɗan kusan shekara 60 wanda ake yi wa kirari da zakin Faransa.

A ranar 15 ga Janairun 1906, a babban ɗakin taro na Grand Hotel da ke Paris, Hoppe ya tsaya a gaban wannan dattijo yana ɗan shekara 18. Wanda ya riga kai maki 500 shi ne zakaran duniya. Vignaux ya fara da kyau, amma yaron ya kamo shi ya wuce, aka tashi 500 da 323. Labarin ya isa Amurka ta wayar tangaraho, kuma Hoppe ya koma gida a matsayin ɗaya daga cikin sanannun 'yan wasan ƙasar, a zamanin da jaridu ke ba biliyad fili kamar yadda suke ba dambe da sukuwa. A 1911 ya nuna bajintarsa a Fadar White House a gaban Shugaba William Howard Taft. A shekarar da ta biyo baya ya ci maki 622 a jere a wani wasan nuni na 18.2.

Shekaru goma sha da suka biyo baya babu abin faɗa da yawa a cikinsu, domin cin nasara ne a kan cin nasara. Abin da masu kallo suka fi tunawa shi ne halinsa a bakin tebur. Ba ya surutu, ba ya nuna fushi ko murna, yana zuwa cikin baƙar kwat kamar mai halartar ɗaurin aure, kuma idan ba zai iya cin maki ba sai ya tabbatar ya bar ƙwallayen a inda abokin karawarsa ma ba zai ci ba. Wannan rowa ta ƙarshe ta ɓata wa abokan hamayyarsa rai fiye da komai, ita ce kuma rabin sirrinsa.

A 1921, a birnin Chicago, Jacob Schaefer ƙarami, ɗan malaminsa na dā, ya ƙwace masa kambun 18.2. Hoppe ya karɓo abinsa a shekara mai zuwa, amma ƙasa ta riga ta fara motsi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ciwon da ya kashe tsohon wasan shi ya kama sabon: shi da Schaefer ƙarami da Welker Cochran sun ƙware har ta kai mai sayen tikiti yana iya shafe sa'a guda yana kallon mutum ɗaya yana taɓa ƙwallaye a kusurwa. Jama'a suka juya zuwa wani nau'in da ake kira bango uku.

A wasan bango uku, kafin ƙwallon mai bugu ta taɓa ƙwallo ta biyu, dole ta daki bangon tebur aƙalla sau uku. Babu sauran tarawa a lungu, kowane bugu tafiya ce mai nisa. Wanda ya saba cin ɗari biyu a jere sai ya ga maki biyar ma abin a tafa masa ne. Ga mutumin da ya haura shekara 40, wanda darajarsa duka ta ginu a kan taɓi mai laushi, wannan tamkar a ce wa marubucin allo ya koma sassaƙar turmi ne. Hoppe ya yi shekaru yana shiga gasa yana fitowa na biyu ko na uku a bayan mutane irin su Johnny Layton da Cochran, har wasu suka fara ɗaukarsa tsohon da zamaninsa ya shuɗe. Sai a 1936, yana dab da shekara 50, ya ci kambun duniya na bango uku a karon farko. A gasar 1940 a Chicago ya buga wasa 20 ya cinye 20. A farkon 1941 rashin lafiya mai tsanani ta kwantar da shi a asibiti, aka fara gasar ba da shi ba, ya taso ya shiga a makare, ya biya bashin wasannin da suka wuce shi, ya kuma riƙe kambunsa.

A wannan shekara ta 1941 ne ya fitar da littafinsa na biyu, Billiards As It Should Be Played, wato biliyad yadda ya kamata a buga shi. Na farkon, wanda ya fito a 1925, tarihin shekarunsa talatin ne a wasan. Na biyun kuwa na koyarwa ne, kuma sashen da ya sa aka yi ta sake buga shi shekara da shekaru shi ne wanda ya zana lissafin daimon da hotunan layuka da lambobi.

Tushen lissafin ba shi da wuya. Tsawon tebur ninki biyu ne na faɗinsa, kuma ƙwallon da ta daki bango tana dawowa da kusan irin karkatar da ta je da ita, kamar haske a madubi. A bugun bango ɗaya wannan kaɗai ya isa: idan ƙwallonka tana daidai daimon na huɗu daga kusurwa, ka auna daimon na biyu a bangon da ke fuskantarka, za ta dawo kusurwar da ke gefenka. Rabin nisa ke nan. Masu wasan ramuka har gobe da wannan suke kuɓuta idan aka ɓoye musu ƙwallon da doka ta ce su fara taɓawa.

Bugun bango uku shi ne ya buƙaci lambobi iri uku. Ɗan wasa yana tsaye a wani ƙarshen tebur, zai jefa ƙwallo ta daki dogon bangon da ke can gefe, ta wuce gajeren bango na nesa, ta dawo dogon bangon da ke gefensa. Kusurwar da ya tsaya ana ba ta lamba 5. Idan aka haura ta dogon gefe, kowane daimon yana rage rabi: 4 da rabi, 4, 3 da rabi, haka har gaba. Idan aka bi ta gajeren gefen da ke gabansa, kowane daimon yana ƙara ɗaya: 6, 7, 8. Wannan ita ce lambar mafari. Daimon ɗin bango na farko da na bango na uku kuwa ana ƙirga su 1, 2, 3 daga can ƙarshen tebur na nesa. Ƙa'idar ita ce a ɗebe lambar inda ake son isa a bango na uku daga lambar mafari, abin da ya rage shi ne daimon ɗin da za a auna a bango na farko. Wanda ke kusurwa, yana son ƙwallonsa ta sauka a daimon na 2, sai ya ɗebe 2 daga 5, ya auna 3. Ƙwallon da ta bi wannan hanya, bayan ta bar bango na uku, tana nufar ɗaya kusurwar da ke ƙarshen da ya tsaya, inda a teburin ramuka akwai rami yana jira. Idan abin da yake nema yana wajen daimon na 3 ne, sai ya auna 2. Idan kuma ƙwallonsa tana tsakiyar fili, sai ya shimfiɗa sanda a kanta yana juyawa har ya sami layin da lambar gindin sandar, in an ɗebe ta bakinta, ta ba shi lambar da yake so.

Sai dai lambobin suna da sharuɗɗan da ba a rubuta a kan katako ba. Dole a bugi ƙwallo a ɗan sama da tsakiyarta, a kuma gefen da zai sa ta murɗa ta bi hanyar da take tafiya, da ƙarfi matsakaici. Daimon ɗin kansa ake aunawa a kan katako, ba wurin da ke daura da shi a bakin roba ba, kuma bambancin waɗannan biyu ya isa ya sa a kuskure. Bugu mai ƙarfi yana nutsa ƙwallo cikin roba ya taƙaita kusurwar dawowarta. Sabon ƙyalle yana da santsi, yana tsawaita tafiya. Tsohon ƙyalle da ya sha alli, ko ɗakin da ke da laima, yana gajarta ta. Saboda haka gwani kan fara gwada bugun 5 zuwa 3 a kan teburin da bai sani ba, ya ga ko ƙwallon ta faɗa kusurwa ko ta gaza ko ta zarce, sannan ya gyara sauran lissafinsa a kan haka.

A kan wannan gaɓa ce aka soki littafin. Dubban masu koyo sun saye shi saboda sunan da ke bangonsa, suka haddace zane-zanen, suka je tebur suka ga ƙwallo tana bin wasu layukan tana saɓa wa wasu, musamman idan mafari ya yi nisa da kusurwa. Da yawa sun ɗora laifin a kan hannunsu, domin wa zai ce zakaran duniya ya yi kuskure? Bayan rasuwar Hoppe, wani tsohon ɗan wasa mai suna Danny McGoorty, wanda ya kara da shi a gasa, ya ba marubuci Robert Byrne labarin rayuwarsa, aka buga a 1972. A ciki ya yi iƙirarin cewa Byron Schoeman, wanda ya taya Hoppe haɗa littafin, shi ya saka zane-zanen, cewa da dama daga cikinsu ba daidai suke ba, kuma cewa tsarin aikin wasu 'yan wasa ne irin su Layton da Gus Copulos da Clarence Jackson. A cewarsa, Hoppe da ido da jiki yake aunawa.

McGoorty mutum ne mai kaifin harshe, kuma ba masoyin Hoppe ba ne, don haka maganarsa tana son a auna ta. Amma tana da ƙamshin gaskiya. Mutumin da ya fara bugu yana kan akwati, ya yi shekara hamsin yana kallon yadda hauren giwa ke barin roba, ba ya buƙatar ɗebe 2 daga 5 kafin ya san inda ƙwallo za ta. Layton kuwa tun yana raye ake danganta shi da daimon. Abin da za a iya tuhumar Hoppe da shi shi ne ya ara wa lissafin sunansa ba tare da ya bayyana wa mai karatu iyakarsa ba. Abin da ba za a iya ƙwace masa ba shi ne, ba don wannan suna ba, da tsarin ya daɗe yana yawo a bakin 'yan tsirarun ƙwararru a Chicago da St. Louis. Marubutan da suka zo daga baya, har da Byrne ɗin kansa, daga littafin suka tashi suka ƙara gyare-gyaren da ya rasa.

Daga teburin da ba shi da rami ne ilimin ya tsallaka zuwa mai ramuka, kuma a can ya fi yin amfani a yau. A wasan ƙwallo tara, wanda ya kasa taɓa ƙwallon da ke kan layi ya yi laifi, abokin karawarsa zai ɗauki farar ƙwallo da hannu ya ajiye inda ya ga dama, kuma laifi uku a jere faɗuwa ce. Don haka ɓoye ƙwallo makami ne, iya fita ta bango biyu ko uku kuma garkuwa. Ba banza ba Efren Reyes na ƙasar Filifin, wanda ya fi kowa suna a irin wannan fita, ya yi ƙuruciyarsa yana buga wasan da ba shi da rami shi ma.

Hoppe bai tsaya amsa wa kowa ba, domin sukar ba ta fito fili yana raye ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙa zagaya sansanonin soja yana wasan nuni. Daga 1947 ya sake riƙe kambun bango uku bai sake shi ba. A gasar 1950 ya kai matsakaicin maki 1.33 a kowane zuwa tebur, abin da ba a taɓa gani a gasar duniya ba kafin nan, kuma maki 25 da ya taɓa ci a jere a wani wasan nuni sun yi shekaru da dama ba a wuce su ba. Gasarsa ta ƙarshe ita ce ta 1952 a San Francisco, wadda aka fi tunawa da ita saboda Masako Katsura ta Japan, mace ta farko da ta shiga neman kambun duniya a biliyad. Ta ƙare a matsayi na bakwai cikin goma. Hoppe, yana da shekara 64, ya doke ta a karawarsu, ya lashe gasar, sannan ya sanar da cewa ya bar takara, shekara 46 bayan daren Paris.

Ya ci gaba da wasan nuni na 'yan shekaru a ƙarƙashin kamfanin Brunswick, wanda ya daɗe yana sayar da sanda mai ɗauke da sa hannunsa. Ya rasu a birnin Miami na Jihar Florida a ranar 1 ga Fabrairun 1959, yana da shekara 71. Watanni kaɗan bayan haka kamfanin Walt Disney ya saki wani gajeren fim na koyar da yara lissafi, Donald in Mathmagic Land, wanda a cikinsa aka nuna ɗan wasa a bakin teburin bango uku, lambobi suna bayyana a kan daimon ɗaya bayan ɗaya, agwagwar nan Donald tana fama da ɗebewa. An yi shekaru ana nuna fim ɗin a azuzuwan makarantun Amurka. A 1966, da Majalisar Biliyad ta Amurka ta buɗe zauren karrama gwanayenta, sunan Hoppe yana cikin rukunin farko da aka shigar.